Darasin Wannan Wata: Takin Gona da Ruwan Rijiya

Darasinmu na wannan wata a kan ruwan rijiya ne, da wani abu da ke shiga cikinsa daga gonakinmu ba tare da an gani ba. Yana da kyau a karanta shi a taro, maza da mata, gama rabin maganar ta manoma ce, rabi kuwa ta masu goyo. A ƙarshe akwai tambayoyi domin a tattauna.

Mun saba auna ruwa da ido, da hanci, da harshe. Idan ya yi garau, ba wari, ba ɗaci, sai mu ce ruwa ne mai kyau. Idan kuma muna shakka, sai mu tafasa shi. Wannan dabara tana da amfani ƙwarai, gama tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta masu kawo zawo da kwalara. Amma akwai wani irin gishiri wanda ba shi da launi, ba shi da wari, ba a kuwa jin ɗanɗanonsa cikin ruwa. Tafasawa ba ta fid da shi. Masana suna ce da shi naitiret. Babban mutum ya kan sha shi bai ji kome ba, amma jariri ɗan wata biyu yana iya mutuwa saboda shi.

1. Inda naitiret ya ke fitowa

Kowace shuka tana bukatar wani abinci da a ke kira naitirojin. Shi ne ya ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Idan ya yi ƙaranci, sai ganyen ya yi ɗorawa, karan ya tsumbure. Kakanninmu suna samunsa daga kashin shanu da na awaki, da juji, da barin gona ta huta. A shekarar 1909 wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano yadda za a kamo naitirojin daga cikin iska. Wani ɗan ƙasarsu, Carl Bosch, ya mai da dabarar ta zama aikin masana'anta a 1913. Daga nan takin zamani ya samo asali. Yau mutane masu ɗimbin yawa a duniya suna cin abinci ne saboda wannan taki, don haka kada kowa ya ɗauka darasin nan yana kushe shi. Abu ne mai kyau idan an sa shi daidai.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, watau kashi 46 cikin 100. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi. Sa'ad da manomi ya zuba yuriya a ƙasa mai laima, cikin 'yan kwanaki sai ta narke ta sāke kama. Daga baya waɗansu ƙananan halittu na cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, su mai da ita naitiret. A wannan kama ce saiwa ta fi shan ta. Amma ga inda wahalar ta ke: naitiret ba ya manne wa ƙasa. Duk inda ruwa ya bi, nan ya ke bi. Idan an yi ruwa mai ƙarfi, ko an cika ban ruwa, sai ya gangara ƙasa ya wuce inda saiwa ta ke kaiwa. Da ya wuce nan, shuka ba ta ƙara samunsa. Sai ya yi ta nutsewa har ya tarar da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda shi ne mu ke ja da guga.

Sau da yawa abin da hatsi ya ke sha daga naitirojin da aka zuba bai kai rabi ba. Sauran, wani ya tashi cikin iska, wani ya zauna a ƙasa, wani ya bi ruwa. Ƙasa mai rairayi ta fi saurin zubar da shi, laka kuwa ta fi riƙewa.

Ba takin zamani kaɗai ke kawo naitiret ba. Kashin dabbobi, da fitsarinsu, da masai, da juji, dukansu suna juyewa su zama shi. A ƙauyuka da garuruwa da yawa na ƙasashenmu, masai da turken dabbobi da ke kusa da rijiya su ne babban tushensa, taki kuwa ya zo ya ƙara a kai.

2. Yadda aka gane cutar

A shekarar 1945 wani likita mai suna Hunter Comly, a jihar Ayowa ta ƙasar Amurka, ya ba da labarin jarirai biyu daga gidajen manoma waɗanda jikinsu ya yi shuɗi. Ba ciwon zuciya ba ne, ba kuwa na huhu ba. An bincika, aka ga madarar da a ke ba su ana dama ta ne da ruwan rijiyar gida. Da aka auna ruwan, sai aka tarar da naitiret mai yawa ƙwarai a ciki.

Da labarin ya bazu, likitocin waɗansu wurare suka fara lura. A jihar Minesota, maƙwabciyar Ayowa, an ƙidaya jarirai 139 da suka kamu tsakanin 1947 da 1949, 14 daga cikinsu suka mutu. A 1951 wani masani, Graham Walton, ya tattara labarin jarirai 278 daga jihohi dabam dabam. Ya lura da wani abu mai muhimmanci: a duk inda aka auna ruwan, ba a sami mai cutar ba a gidan da naitirojin na cikin ruwansa bai wuce miligiram 10 cikin lita ɗaya ba. A kan wannan ne hukumar lafiya ta Amurka ta kafa iyakarta a 1962.

Akwai ma'auni iri biyu, kada su ruɗe mu. Amurkawa suna auna naitirojin ɗin da ke ciki kaɗai, su ce miligiram 10. Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna gishirin duka, ta ce miligiram 50 cikin lita. Iyakar biyu kusan ɗaya ce. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ita ma miligiram 50 ta sa.

Domin mu gane ƙanƙantar wannan, mu ɗauki duro mai cin lita 200. Giram 10 kaɗai, kamar cokalin shayi biyu, ya isa ya kai ruwan duron nan ga iyaka. Ga wani lissafi kuma. Da a ce dukan naitirojin da ke cikin buhun yuriya guda zai gangara cikin ruwa, da ya isa ya kai lita miliyan 2 ga iyakar nan, watau duro 10,000. Ba dukansa ke gangarawa ba, amma lissafin ya nuna mana cewa ɗan abin da ya zube daga gonaki da yawa, shekara bayan shekara, ba ƙaramin abu ba ne.

3. Abin da ya ke yi a jikin jariri

A cikin jini akwai abin da ya ke sa shi ja, ana ce da shi himogulobin. Aikinsa kamar na ɗan dako ne. Ya kan ɗauki iskar da mu ke shaƙa daga huhu ya kai wa kowace gaɓa. Sa'ad da naitiret ya shiga ciki, ƙwayoyin da ke baki da hanji su kan juya wani sashe nasa ya zama wani abu mai kusan suna ɗaya da shi, watau naitirait. Wannan ne ya ke shiga jini ya ɓata ɗan dakon, har ya kāsa ɗaukar kayansa. Yaro yana numfashi, amma jikinsa ba ya samun amfanin numfashin. Jinin da aka ɗiba daga irin wannan yaro ya kan fito da launin ƙasa-ƙasa mai duhu maimakon ja.

Don me jariri ne ya fi shan wahala? Dalili huɗu ne. Na ɗaya, idan aka gwada da nauyin jikinsa, ya fi babba shan ruwa nesa ba kusa ba. Na biyu, cikinsa ba shi da tsami kamar na babba, don haka ƙwayoyin nan sun fi samun wurin zama. Na uku, jinin da aka haife shi da shi ya fi saurin ɓaci. Na huɗu, abin da ke gyara jinin da ya ɓaci bai gama ƙarfi a jikinsa ba tukuna. Haɗarin ya fi girma a watanni uku ko huɗu na fari, yana raguwa bayan wata shida. Zawo kuma ya kan ƙara tsananta shi. Rijiyar da masai ya ɓata kuwa ta kan kawo abu biyun nan tare, zawo da naitiret.

Ga alamun da uwa za ta duba. A fatar baƙin mutum shuɗin ba ya fita sosai, saboda haka a dubi leɓe, da harshe, da cikin baki, da ƙarƙashin farce, da tafin hannu da na ƙafa. Idan sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, yaron yana haki, ya yi laushi, ya ƙi nono, ko yana yawan barci, to a kai shi asibiti nan da nan. Kada a tsaya jiƙo ko turare. A gaya wa likita irin ruwan da a ke ba shi, da inda a ke ɗebo shi. Akwai allurar wani magani mai launin shuɗi da likitoci su ke yi wadda ta kan komo da jinin daidai da sauri, in an kai yaro da wuri. Waɗansu cututtuka na zuciya da na huhu su ma su kan kawo irin alamun nan, dukansu kuwa na gaggawa ne.

Manya ma ba a ce su saki jiki ba. Wani bincike da aka buga a 2018, a kan mutane miliyan 2.7 na ƙasar Danmak, ya nuna cewa masu shan ruwa mai yawan naitiret shekara da shekaru sun ɗan fi saura kamuwa da ciwon daji na hanji. Shanu da tumaki kuma su kan mutu idan sun sha ruwan da aka wanke buhun taki a ciki, ko sun lashi takin.

4. Darasi daga manyan manoma

Jihar Ayowa, inda aka fara gane cutar, tana kan gaba wajen noman masara a Amurka. Babban birninta, Dimoin, yana shan ruwan koguna biyu waɗanda su ke ratsa gonakin masara. Naitiret ya yi ta ƙaruwa cikin kogunan nan, har hukumar ruwan birnin ta gina wurin tace shi na musamman, wanda ya fara aiki a 1992. A 2015 an kunna injin nan kwana 177. A shekarar nan kuma hukumar ta kai ƙarar hukumomin magudanar gonaki na gundumomi uku da ke saman kogi, amma kotu ta kori ƙarar a 2017. Mutanen birni su ne suka ci gaba da biyan kuɗin tace abin da ya zubo daga gonakin waɗansu.

Birni yana da kuɗin sayen inji, amma mai rijiya a ƙauye fa? A Amurka fiye da mutum miliyan 40 suna shan ruwan rijiyar gidansu, dokar ruwan sha ta ƙasar kuwa ba ta shafi irin rijiyoyin nan ba. Sai mai gida ya kai ruwansa a auna da kansa.

Ƙasashen Turai su ma sun ga wannan wahala, har suka kafa doka a 1991. A yankunan da ruwa ke cikin haɗari, dokar ta hana zuba kashin dabbobi da ya wuce kilo 170 na naitirojin a hekta guda cikin shekara, ta kuma hana zuba taki a lokacin da shuka ba ta sha. Duk da haka gyara yana tafiya a hankali. A waɗansu wurare na Ingila, inda ƙarƙashin ƙasa farin dutse ne mai kama da alli, naitiret yana nutsewa kamar mita ɗaya ne a shekara. Abin da uba ya zuba, ɗansa ko jikansa ne zai ɗebo shi a rijiya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa in ya ɓaci, gyaransa ba na damina ɗaya ba ne.

5. Mu fa, ina mu ke?

Yawancin manomanmu ba yawan taki ne ya dame su ba, rashinsa ne. Sa'ad da shugabannin Afirka suka taru a Abuja a 2006, sun ce abin da a ke sa wa hekta guda a ƙasashen kudu da Sahara kamar kilo 8 ne, suka kuma ƙudura a kai shi 50. Tun daga lokacin an ƙara yin taki a gida: masana'antar Indorama ta Eleme ta fara a 2016, aka kuma buɗe ta Dangote a Legas a 2022. Taki yana ƙara yawa, don haka yanzu ne lokacin koyon sa shi daidai, tun ruwanmu bai ɓaci ba. Rigakafi ya fi magani.

Mai gonar gero a tudu, wanda buhu guda ma da ƙyar ya ke samu, ba shi ne abin tsoro ba. Inda ya kamata a fi sa ido shi ne fadamu da wuraren noman rani, inda a ke shuka tumatir, da albasa, da attarugu, da shinkafa, da alkama. A can a kan zuba yuriya sau da sau, a bi ta da ruwa mai yawa, ruwan ƙasa kuwa yana kusa, wani wuri bai fi tsawon mutum biyu ko uku ba. Sau da yawa rijiyar da a ke ban ruwa da ita, daga ita ce masu aiki su ke sha, har a kai gida cikin jarka. Haka kuma lambunan bakin gari, da gidajen da rijiya, da masai, da turke su ke cikin tsakar gida ɗaya.

6. Abin da za mu yi

Ga manomi:

(a) A raba takin kashi biyu ko uku. Ga masara, a sa kamfa lokacin shuka ko cikin mako biyu na fari, a sa yuriya wajen mako huɗu zuwa shida, lokacin da shuka ta fi jin yunwa.

(b) A haƙa ɗan rami gefen shuka a binne takin. Watsa shi a sarari asara ce.

(c) Kada a zuba taki sa'ad da hadari ya haɗu sosai, kada kuma a cika ban ruwa bayan an zuba.

(d) A auna. Masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a ƙasar Nijar, sun nuna cewa giram 6 na kamfa a kowane ramin gero, watau kamar cikin murfin kwalbar lemo, yana ƙara amfanin gona sosai.

(e) A riƙa juya shuka da wake, da gyaɗa, da waken soya, gama su su kan kamo naitirojin daga iska da kansu. A bar itacen gawo a gona, shi ma haka ya ke yi.

(f) Kada a ajiye buhunan taki kusa da rijiya, kada a wanke su a bakinta, kada kuma a zuba taki dab da ita.

Manomin da ya bi waɗannan ya ci riba biyu. Takin da ya gangara rijiya kuɗinsa ne ya zube, wanda shuka ta sha kuwa hatsi ne a rumbu.

Ga mai rijiya: a haƙa masai nesa da rijiya, aƙalla mita 30 inda fili ya samu, a gefen gangare, ba a saman rijiya ba. A kau da turke da juji. A ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi mata dakali mai gangara waje da murfi, domin kada ruwan sama ya kwaso ƙazanta ya zuba ciki. Tsohuwar rijiyar da aka daina sha kada a mai da ita wurin zuba shara, gama ƙofa ce kai tsaye zuwa ruwan kowa. Rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda aka toshe gefenta da kyau, ta fi gajeriyar rijiya tsira, amma ita ma aunawa ce kaɗai ke tabbatar da ita. Akwai 'yan takardun gwaji waɗanda su ke sāke launi in an tsoma su a ruwa, akwai kuma ɗakunan gwaji a hukumomin ruwa da jami'o'i. A auna sau ɗaya a shekara, ya fi kyau da damina. Gidaje goma suna iya haɗa kuɗi su yi tare.

Ga masu goyo, da kakanni mata, da ungozoma: kāriya mafi girma tana hannunku, ba ta kuwa bukatar ko kwabo. A ba jariri nonon uwa kaɗai har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko. Mun san al'ada ce a ɗura wa jariri ruwa saboda zafin rana, amma nono yana da ruwan da ya ishe shi ko da bazara. Ko uwa tana shan ruwa mai naitiret, abin da ke wucewa cikin nononta kaɗan ne ƙwarai. Idan tilas ta sa a dama madarar gwangwani, kamar ga maraya, a nemi ruwa daga wurin da aka auna, sa'an nan a tafasa shi saboda ƙwayoyin cuta. A tuna: tafasa ruwa mai naitiret ba ya rage shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi, gama ruwan ne ke tashi tururi, gishirin ya zauna. Tacewa da ƙyalle, da sa alam, da maganin kulorin, duk ba su fid da shi.

Ƙarƙashin ƙasa babu iyakar gona, babu kuwa katangar gida. Ruwa ɗaya ne ya ke ratsa ƙarƙashin gonar wannan ya ɓullo a rijiyar wancan. Abin da mutum ya zuba a nasa fili, jaririn maƙwabcinsa ne mai yiwuwa zai sha. Saboda haka wannan magana ta dukan gari ce, ya kamata kuwa a kai ta gaban mai unguwa da dattawa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta wace hanya takin da aka zuba a gona ya ke kai wa ruwan rijiya?
2. Ban da takin zamani, waɗanne abubuwa ne ke kawo naitiret?
3. Faɗi dalilai huɗu da suka sa jariri ya fi babba shiga haɗari.
4. A waɗanne wurare na jikin jariri uwa za ta duba alamun cutar?
5. Don me tafasawa ba ta maganin naitiret? Me tafasawa ta ke magani?
6. Mene ne ribar manomi idan ya raba takinsa ya kuma binne shi?

Aikin wannan wata

Kowane mai karatu ya auna da ƙafa nisan da ke tsakanin rijiyar da gidansu ke sha da masai mafi kusa, da turke mafi kusa, da gonar da a ke sa wa taki mafi kusa. A rubuta, a kawo taro na gaba. A kuma zaɓi mutum biyu su je ofishin lafiya ko na ruwa na ƙaramar hukuma, su tambayo inda a ke auna ruwa da abin da a ke biya.